Shanunmu Sun Fito a Wayar Hauwa

Jama'ar gida, ku ji yadda matar ɗana Hauwa ta tona mana asiri!

Jiya a kasuwar Birnin Gwari, ni ce, da Ladidi mai daddawa, da ita Hauwar. Sai ga wani baƙo ya tsaya kan gyaɗata yana dariya.

Ya ce, "Ke ce Inna mai cewa rawa ba ta cika tukunya!"

Na ce, "A gidan uban wa ka san ni?"

Ya miƙo waya. Ashe Hauwa ta ɗauke ni ina yi mata faɗa, ta ɗora kiɗa, ta watsa! A bayana ga shanun huɗarmu biyu da muka ɓoye saboda ɓarayin daji.

Ya ce, "Farin nan ya yi ƙiba. Ƙauyenku Kutemeshi ne, ko?" Ya wuce, ko gyaɗar bai taya ba.

Hauwa ta ce, "Inna, wasa ne fa, duk duniya na son ki."

Na ce, "Na dajin ba su da waya ne, shashasha?"

Yau da asuba na sa aka kora shanun zuwa gidan ƙanena cikin gari. Hauwar na tsare take rubuta muku wannan. Tana gamawa, wayar sai turmi.