Ramar da Na Noma a Cikin Tanti a Jidda

Ko da zan manta da duk wahalar da na sha a shekaruna shida na zaman Jidda, wata ranar Talata da aka kira ni daga wurin aiki ba za ta fita daga raina ba. Har yanzu idan na tuna ta sai dariya ta kama ni.

A lokacin ina aikin lodi a wani sito da ke unguwar masana'antu ta Jidda. Aikin ya taɓa mini baya, ciwon ya hana ni barci, ga kewar matata da 'yarmu da na baro a Kano. Akwai wani abokin aikina da ya ga yadda nake tafiya a dafe da ƙugu, ya ce mini maganin abin ɗaya ne, wiwi. Na ce masa ban taɓa sha ba, kuma a ƙasar nan ko sunanta ban son in ambata. Ya ce ai masu saye a waje ne ake kamawa, wanda ya shuka 'yar kaɗan a ɗakinsa ba mai sani. Ranar da zai koma gida gaba ɗaya ya danƙa mini wasu 'ya'yan iri a ƙunshe cikin takarda, ya ce in yi masa addu'a.

Wata guda ƙunshin yana cikin aljihun jakata. Daga baya na fara kallon bidiyon Turawa a waya, ina ganin yadda suke kafa ɗan ƙaramin tanti a cikin ɗaki. Na sayo irinsa, baƙi, tsayinsa bai wuce kafaɗata ba, da fitila da 'yar fanka. Na gaya wa mai shagon na'ana'a zan shuka. Ni ɗan birni ne, ko gyaɗa ban taɓa binnewa a ƙasa ba, amma sai ga tsiro uku sun fito a bokitai.

Daga nan na rasa sukuni. Na daina barin kowa ya shigo ɗakina. Idan na ji jiniyar motar 'yan sanda a titi sai in ruga in leƙa ta taga. A masallaci ina cikin sahu hankalina yana kan tanti. Shukar kuwa sai girma take, ganyen ya rarrabu kamar yatsun hannu, daidai da wanda nake gani a waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta da warin da ake faɗa, kuma jikinta da ɗan ƙaiƙayi. Na ɗauka rashin ƙwarewata ce.

Ran Talatar nan da safe na buɗe famfo zan ba shukar ruwa, na tarar an ɗauke. Na fita a gurguje ban rufe shi ba. Bayan azahar wayata ta yi ƙara, mai gadin gidanmu ne. Ya ce ruwa ya cika ɗakina har yana zuba ta silin a falon mai gidan.

Mai gidan wata tsohuwa ce da muke kira Hajiya, haifaffiyar Jidda, kakanninta sun zo aikin hajji daga ƙasar Hausa da ƙafa suka zauna. Tana ƙasa, mu 'yan haya muna sama. Babban ɗanta kuwa ɗan sanda ne, kullum yakan biyo cin abincin rana da kakinsa.

"Kada ku buɗe, ga ni nan zuwa," na ce da mai gadin.

"Halas, aikin gama ya gama, an riga an buɗe," ya ce. "Hajiya da ɗanta suna ciki. Yalla, ka zo."

Ban san yadda na shiga tasi ba. Duk tsawon hanya ina ganin kaina da ankwa, an karɓe iƙamata, wato katin izinin zama, an kira kafilina, mutumin da ya tsaya mini na shigo ƙasar. Na tuna mahaifiyata da take gaya wa maƙwabta ɗanta yana kusa da Ɗakin Allah. Na tuna 'yata da za ta girma ana nuna ta. Sau biyu na buɗe baki zan ce wa direban ya sauke ni in gudu, sai na ga ba ni da inda zan nufa.

Na hau bene ruwa yana bin matakala. Ƙofata a buɗe, mai gadi yana kwashe ruwa da tsintsiyar roba. An zuge zif ɗin tantin, hasken fitilar ya cika ɗakin. Ɗan Hajiya yana tsaye a gabansa, waya a hannu, fuskarsa a murtuke. Ita kuwa ta jawo kujerata ta zauna, ta tsinki ganye ɗaya tana taunawa.

Ɗan ya yi mata magana da Larabci da sauri, na tsinci kalmar hashish, wato wiwi, a ciki. Ta ɗaga masa hannu.

"Ya waladi, ɗana, mayar da wayarka aljihu," ta ce. "Wannan rama ce. Kakarka ta shuka ta a bayan gidanmu na da, da ita ta raine mu. Ɗanɗana ka ji tsami."

Ya ƙi. Ta tsinko wani ta miƙa masa har bakinsa. Ya tauna, ya yamutsa fuska. Ta ɗaga wani reshe ta nuna masa fure ɗaya mai ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja, wanda ni kaina ban san ya buɗe ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni me ya sa na saka ganyen miya a tanti. Ita ta amsa masa, ta ce zafin Jidda ba ya barin komai ya rayu a waje. Ya girgiza kai, ya ce in gyara silin ɗin mahaifiyarsa, ya sauka.

Na jingina da bango. Rama. Wata uku ina tsoron inuwata, ina rufe ƙofa, ina ƙarya, ashe abin da ake sayarwa ƙulli-ƙulli a bakin kowace kasuwa a garinmu nake gadi. Har yau ban sani ba ko abokin nan nawa zolayata ya yi, ko shi ma wani ne ya cuce shi.

Hajiya ta sallami mai gadi, ta sa na turo ƙofa. Murmushin da ke fuskarta ya ɓace.

"Ɗana, ni ba yarinya ba ce," ta ce. "Ba mai saya wa rama tanti da fitila ya kulle ɗaki. Na san abin da ka yi niyya."

Na durƙusa a cikin ruwan nan na gaya mata komai, ciwon bayan da rashin barcin da ƙunshin takardar. Ta saurare ni har na gama.

"Da abin da kake zato ne ya fito, wallahi ba zan iya riƙe hannun ɗana ba, kuma ba zan gwada ba," ta ce. "Allah ne Ya rufa maka asiri, ba wayonka ba. Kafin magariba kada in ga tantin nan a gidana. Gobe kuma ka je asibiti a duba bayan."

Na yi duk yadda ta ce. Ramar kuwa ta sa aka sauke mata ita ƙasa. Washegari ta aiko mini da kwanon kwaɗo, ya ji ƙuli-ƙuli da albasa. Na ci ina hawaye ina dariya ni kaɗai. Likita ya ba ni magani da motsa jiki, ya rubuta takarda aka sauya mini aiki zuwa ɓangaren ƙirgar kaya, cikin 'yan makonni barci ya dawo.

Abin da na koya shi ne, tsirar da na yi ba ta wanke ni ba. Niyyata ta laifi ce, jahilcina kawai aka yi amfani da shi aka cece ni, kuma irin wannan rufin asirin ba a sa ran samunsa sau biyu. Tun daga ranar, duk abin da na ga sai na kulle ƙofa kafin in yi shi, nakan tsaya in tambayi kaina ko zan iya kallon idon mahaifiyata in an buɗe ƙofar. In ba zan iya ba, barinsa nake yi.