Direban Roba a Gidan Malam

Ina tsakiyar karatun jami'a a Dutse na kamu da haɗa ƙananan motoci na roba. Wani mai gwanjo ne ya jawo min. Ya fasa dilar kayan wasan yara, ya tarar da kwali mai hoton akori-kura, ya buɗe bai ga mota ba sai gutsi-gutsin roba a manne da juna kamar ƙayar kifi. Ya ɗauka Turawa sun cuce shi, sun aiko masa da mota a farfashe. Ni kuwa na taɓa ganin irinta a waya, na san haɗawa ake yi. Ban iya ciniki ba, ban ma iya kallon mutum cikin ido ba, amma a ranar, da kwalin na koma gida.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina yana koyar da karatu a zaure, kuma kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. A ɗakina na ɓoye aikin, don ban san yadda zan bayyana masa cewa ɗansa mai gemu yana wasa da mota ba.

Duk hutun damina a kanta ya ƙare. Ina ciro kowane gutsure da abin yankan farce, in goge bakinsa da samfefa, in ɗiga gam da tsinken sakace. Takardar cikin kwalin ta ce a yi mata jan fenti mai ƙyalli. Na ƙi. Ban taɓa ganin akori-kura mai ƙyalli ba. Na yi mata shuɗi koɗaɗɗe, ƙofa ɗaya fara kamar an ciro ta daga wata motar, na kwaɓa jar ƙasa na yi mata tsatsa a gindin bodi. Na ɗora cokali a wuta na lotsa mata gefe. Buhunan baya da tsohon singiletina na ɗinka su, na cika da gero na gaske.

Sai direba. Bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, Bature ne mai dogon hanci. Na mayar da shi namu. Na baƙanta shi, na yi masa farar riga, na murza cingam na kafa masa hula, na ja masa gashin baki da silin burushi ɗaya. Na manne shi a kujera hannunsa a kan sitiyari, na saka gilashin gaba, na rufe rufin da gam. Tagar gefensa kaɗai na bari a buɗe.

Kakata ce ta tona ni, mahaifiyar Malam. Ta shigo neman allura ta ga motar a kan akwati.

"Maigida, ashe ka yi mota ba ka faɗa wa matarka ba? A ina zan zauna, kan buhu?"

"Inna, ajiye min don Allah, ba a taɓawa."

"Mijin wasu na sayen mai cin mai, nawa ya sayi mai cin gero."

Kafin in miƙe ta fice da ita zaure, tana nuna wa duk wanda ta gamu da shi. Na bi ta. Na tarar da motar a hannun Malam, yana juya ta a hankali. Ya daɗe yana leƙa tagar.

"Motar ba laifi," in ji shi, "ba mai rai aka kwaikwaya ba. Amma wannan bawan Allah na ciki fa?"

"Haka ya zo, Malam."

"Da gashin bakin?"

Na sunkuyar da kai.

"Mutum-mutumi ba ya zama a gidan nan. Ko ka fito da shi, ko ya fita da motarsa."

Fito da shi yana nufin in ɓalle rufin, kuma rufin ba zai ɓallu ba sai gilashin ya tsage. Babu inda zan samo wani a duk Jigawa. Na so in yi wannan bayanin, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Malam."

Kakata ce ta tsaya min. "Kai dai ka faye tsanani. Yaro ba ya yawo, ba ya zaman majalisa, abokinsa ɗaya a duniya, shi ma za ka kore shi?"

"Inna, ba ni na kafa hukuncin ba." Ya sake leƙa tagar. "Amma in aka cire kan, ya tashi daga siffa. Sauran jikin zai iya zama."

Haka aka yanke wa direbana hukunci, ba a ko tambaye shi ba. Na kawo reza, ta ƙi shiga tagar. Na karya ta biyu, ta shiga. Ni da nake zana lambar mota da tsinke, na kasa yankawa, saboda Malam na kallona.

"Kawo nan," ya ce. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta fiƙe alƙalami, wadda wasawa ta mayar siririya kamar tsinken tsintsiya. Ya saka tabarau, ya sa na riƙe motar da hannu biyu, ya yi bisimilla.

"Ku fuskantar da shi gabas mana," in ji kakata. "Ko mushe za ku yi?"

"Inna, don Allah!" Kafaɗar Malam ta girgiza. Sai da ya janye wuƙar ya gama dariyarsa a cikin rawani, sannan ya koma.

Ya yi ta goga wuyan a hankali. Can muka ji ƙas. Kan ya fita, hula da gashin baki da komai, ya gangara bayan kujera. Tsinin wuƙar kuma ya zarce ya ja siririn layi a gilashin gaba. Na gani. Malam ya ga na gani.

Ya gyara murya. "Ai ko a hanyar Taura ba ka ganin mai lafiyayyen gilashi."

"Haka ne, Malam."

Saura fito da kan. Na kifa motar, na karkata ta, na zura hantsaki, na zura tsinke. Ya maƙale a lungun da ido ba ya kaiwa. Malam ya karɓa ya jijjiga ta kusa da kunnensa, kan yana ƙwaras-ƙwaras a ciki. Na zuba masa ido ina jiran ya ce a fasa rufin. Ya sake jijjigawa, ya dubi mahaifiyarsa, ita ma ta kafe shi da ido.

"An dai raba su," ya ce, ya miƙo min. "Je ka ajiye. Amma ka ɗora ta sama, kar yara su cinye maka geron."