Ranar da Na Ƙi Share Ƙarƙashin Motar Kaka

Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Marigayi kakana ne ya saye ta tun yana koyarwa, da ya rasu sai Baba ya ci gaba da zuwa aiki da ita. A rumfar da ke cikin gidanmu a Mabera take kwana. Da fara ce, yanzu ta koma launin fura. Kujerar gabanta doguwa ce kamar benci, kuma ba ta da tudu, shi ya sa Kaka, mahaifiyar Baba, take iya shiga duk da ciwon gwiwa. Kaka ba ta hawa babur ɗin kabu-kabu, keke mai ƙafa uku kuwa ta ce yana kwance mata ƙasusuwa. Duk Juma'a in an sauko masallaci, Baba yakan kai ta Ƙofar Marke wajen yayarta da idonta ya yi rauni. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ni nake zama a baya, riƙe da kwanon masa.

Bara da zafi ya tsananta, motar ta fara shan ruwa. Baba zai cika lagireto da safe, kafin la'asar ya ragu. Baƙin mai ma haka, kullum sai an ƙara. Aka kira bakanike, wani dattijo da ya san motar tun kakana yana raye. Ya zo da hantsi, ya tarar da Baffa, yayan Baba, ya zo gaishe da Kaka. Ni aka aika in kai musu ruwa.

Bakaniken ya zaro sandar auna mai, ya murza man a yatsa, ya sa aka tada inji ya kalli hayaƙin salansa. Ya leƙa ƙarƙashi, amma tsohon mai da ƙura sun daskare ko'ina, ba a gane sabo. Sai ya tambayi Baba, "Malam, ba ka ganin ɗigo ƙasa inda take kwana?"

Baba ya ce, "Ko ɗis. Duba da kanka."

Ya duba. Ƙasa fes, har da sawun tsintsiya.

"To in ba ta zubarwa waje, ciki take sha," in ji bakanike. "Abin da ka ɗaure mani kai, man bai koma kamar kunu ba, kuma babu farin hayaƙi. Sai dai a sauke inji mu gani."

Baffa ya ce, "Ba a sauke komi. Motar ga ta yi zamaninta. Na yi magana da 'yan gwangwan, Asabar suna tahe."

Baba ya sunkuyar da kai. A gidanmu ƙane ba ya musu da wansa, balle gaban baƙo.

Sawun tsintsiyar nan nawa ne. Kowace asuba ni ke share rumfar, in yi yayyafi don kada ƙura ta tashi. Kuma kullum nakan tarar da tabo biyu a ƙarƙashin motar. Ɗaya a gaba, damshi mai jan baki kamar tsatsa, wanda kaji ke rububin tsattsaga. Ɗaya can baya kaɗan, baƙi ƙirin, bai fi bakin kofi ba. Inna, mahaifiyata, ta koya mani in kwashe baƙin da tsohon murfin gwangwani in zuba sabon rairayi, don kada kaji su taka su hau tabarmar salla. Damshin kuwa yayyafina ke haɗiye shi. Kafin maza su fito, babu abin gani.

Na tsaya da tire a hannu, maganar tana bakina. Ni ko a aji, in na san amsa sai na jira a kira ni. Ta yaya zan sa baki a maganar manya? Na koma cikin gida na faɗa wa Inna.

Ta ce, "Ke da mota mi ag gaminku? Bakanike bai gani ba sai ke? Ɗauko mani turmi."

Da daddare ban je wajen Baba ba, domin na san muryata za ta ƙi fita. Washegari na share tsakar gida, na share zaure, na zo bakin rumfa na tsaya. Ban share ta ba. Na karyi tsinken tsintsiya na zana da'ira kewaye da kowane tabo.

Inna ta fito ta gani. "Wanga wane irin iya shege na? Share wurin ga!"

Na ce, "Ba ni sharewa."

Ban taɓa faɗa mata haka ba. Ita ma sai da ta dube ni kamar wata ce daban ta yi maganar. Ta fizge tsintsiyar za ta share da kanta, sai na zauna a ƙasa gaban motar da rigar makaranta, na miƙe ƙafafu. Na ƙi tashi.

Hayaniyar ta fito da Kaka, tana dogara sanda. Ta saurari Inna, ta dube ni. "Ke ƙawata, yau kin samu baki ke nan? Ni na ɗauka kurma anka haifa muna."

Na nuna mata tabon. Amma rana ta riga ta leƙo, damshin ya bushe, saura jan zobe da ba kowa zai kula da shi ba. Baƙin kuma yana can ƙarƙashi, Kaka ba ta iya duƙawa ta gani. Baba ya fito yana sauri, ya zuba ruwa a lagireto, ya ja motar da baya, tayar ta bi ta kan da'irata.

Da yamma Baba ya dawo. Kaka ta kira ni ɗakinta, ta sauko da murafen kwanonin samira guda biyu, cikin jeren da ba ta bari a taɓa. Ta ce, "Ƙasa tana shanyewa, kwano ba ya sha. Sa su ƙarƙashi. Wanda duk yac ce wani abu, ki ce ni na aike ki."

Na rarrafa na sa su, ɗaya gaba, ɗaya baya. Inna ta daina yi mani magana sai aike. Rumfar ta tara kashin kaji da ganyen dogon yaro, maƙwabciyarmu ta shigo ta ce ko 'yar gidan ba ta da lafiya ne. Na ji ta, ban ɗauki tsintsiya ba.

Asabar da safe Baffa ya iso da mutum biyu da igiyar ja. Baba ya kira bakanike don ya cire batir. Baffa ya ga rumfar ya ce, "Gidan ga babu mai shara?"

 Na durƙusa na jawo murafen, na ajiye su gaban bakanike, ba gaban Baffa ba. Ɗaya da jan ruwa kusan rabi, ɗaya da baƙin mai. Na ce, "Kullum akwai. Ni ka sharewa."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Bakaniken ya tsoma yatsa a kowanne, ya tambaye ni daidai inda na sa su, na nuna masa. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da tsumma. Ya fito yana dariya, fuskarsa duk baƙi.

"Malam, tsabtar gidanku ta ruɗe mu! Tiyon ƙasa na lagireto ya tsage wajen maɗauri, sai ya yi zahi yake buɗewa. Mai kuwa ta notin ƙasa yake bi, washa ta cinye. Ciwo biyu na daban, inji lahiya lau."

Baffa ya ce an riga an yi magana da mutane, ba a mayar da shi ƙaramin mutum. Daga bakin ƙofa Kaka ta ce, "Motar mijina ta. Ka ba su haƙuri." Masu igiya suka naɗe abinsu.

Kafin ya tafi, Baffa ya ce wa Inna yarinyar nan tana neman yin taurin kai, a sa ido. Inna ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je na durƙusa na yi masa sai an jima, ban ce ya yi haƙuri ba, domin ban ga abin da na ɓata ba. Har yau in na gaishe shi a gajarce yake amsawa.

Juma'ar da ta biyo muka je Ƙofar Marke. Yayar Kaka ta gane ƙarar motar tun daga lungu, muka tarar da ita a zaure tana lalube. Murafen kuwa an wanke su da toka, amma na man bai bar wari ba, Kaka ta ce in riƙe shi. Yana nan jingine a rumfa. Na koma shara kamar da, sai dai yanzu nakan durƙusa in duba tukuna. In na ga tabo, tsintsiya ba ta taɓa shi sai Baba ya fito.