Walƙiya a Mataki na Bakwai

Shekara shida ke nan Gwaggo tana aiki a kamfanin da ke gwada wasannin bidiyo kafin masu su su kai su kasuwa. Ita ce ta fi kowa shekaru a ɗakin gwajin, shi ya sa sunan ya bi ta. Da can malamar lissafi ce. Ta bar aji bayan rasuwar 'yarta, wadda farfaɗiya ta tasar wa a gaban talabijin tana da shekara tara. Yanzu aikinta ta sa ɗan wasan da ke cikin allo ya yi ta karo da bango, ya faɗa rami, ya buɗe ƙofa ɗaya sau ɗari, ko wani abu zai lalace.

Dokar ɗakin ita ce, matsalar da ba ta maimaitu a gaban shugaba ba, ba a rubuta ta.

Ranar da za a miƙa wani wasan yara da ƙarfe huɗu, da hantsi allonta ya yi walƙiya a mataki na bakwai, ja da fari, da sauri, kusan daƙiƙa biyar. Ta san irin hasken nan da abin da yake yi wa wasu yara. Ga shi ba ta kunna ɗaukar hoto ba.

Sau goma sha tara ta sake bin matakin, shiru. Maƙwabcin teburinta, wanda suke kira Yatsa, ya ce ko dai tabarau ne ya tsufa. Shugaba ya ce yana ganin girmanta, amma ba zai tsayar da aikin mutane kan abin da ita kaɗai ta gani ba.

Wajen uku da rabi ta tuna: kafin walƙiyar maigidanta ya kira, ta fita baranda ta bar ɗan wasan tsaye ƙarƙashin wata fitila a cikin wasan. Ta duba waya, minti ashirin da biyu suka yi. Babu mai gwajin da ke barin yatsunsa su huta haka. Yaron da aka kira cin abinci kuwa zai yi.

Ta kai ɗan wasan gindin fitilar, ta ajiye madanni, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Gwaggo, aiki kike ko hutu?" in ji shugaba.

"Aiki nake, yallaɓai. Ka ɗan tsaya a nan."

Ya tsaya, yana duba agogo. Masu wasan suka kira sau biyu, bai ɗauka ba. Yatsa ma ya cire abin kunnensa.

Huɗu saura minti takwas ta ɗauki madannin, ta matsa taku ɗaya, ta kau da kai. A jikin bangon ɗakin ta ga ja da fari suna tsalle.

Shugaba ya dubi allon. Sannan ya ɗauki waya ya shaida wa masu wasan cewa wasan ba zai fita yau ba.

"Yatsa," ta ce a hankali, "kashe min allon nan."