Gwangwanin tumatir a jakar madubina

'Yan'uwa, ku ji abin da maigidana ya yi mini yau.

Kwana uku ina zarya a duwan, wato ofishin kwastan, kafin a ba ni takardar fita da madubina na hangen nesa, ni da ƙawayena za mu kallon tsuntsaye a Benin. Da hannuna na cika ta, ni da na koyi rubutu da furfura. A bakin iyaka ma'aikaci ya ce, "Hajiya, buɗe jakar." Na buɗe. Gwangwanin tumatir biyu!

Na buga wa Malam maigidana waya. Ya ce, "Madubin yana wurina a gona. Tsuntsaye na cinye mana shinkafa, ke za ki gaishe su?"

Ma'aikacin ya miƙo mini takardata, wai tumatir ba ya buƙatar izini. Ina tsaye motarmu ta wuce.