Muntaka Mai Washi da Ragunan Layya

Da babban yatsa yake lakuto kitse daga gwangwani, ya bi igiyar fata da shi a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai. Haka Muntaka mai washi yake fara kowace safiya a ƙofar ɗakinsa a unguwar Yalwa, tun kafin ya sa wani abu a bakinsa. Igiyar ce take haɗa abin takawa da dutsen washi; in ta ƙi, dutse ba ya juyawa. A Maruwa ya saye ta, tun gemunsa yana baƙi. In ya gama sai ya tura keken washinsa cikin garin Garwa yana kira, "Washi! A wasa wuƙa!" Hannunsa na hagu babu gashi ko ɗaya, don a nan yake gwada kaifi.

Ta bakin wuƙa ya san gari. Ya san gidan da ake gyaran kifin Binuwai kullum, ya san gidan da wuƙa ta yi tsatsa don an daɗe ba a ga nama ba, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Amma abincinsa na gaske yana hannun mahautan bayan kasuwa, su kuma duk inda babbansu Idrisa ya sa ƙafa nan suke sawa. A ƙarshen zamanin Ahidjo wani ya buɗe shago da injin washi mai aiki da lantarki, abin da mutanen gari suke ce wa kuran.

A shekarar, Babbar Salla ta faɗo cikin ruwan ƙarshen damina. Ranar jajibere Idrisa ya zube masa wuƙaƙe a tsakar mayanka.

"Baba, kafin magariba nake so. In ba haka ba, mai inji zan kai wa. Ka kuma san in na kai, kowa ya kai."

"Ubanka bai taɓa yi mini gaggawa ba, Idi."

"Ubana bai ga kuran ba."

Muntaka bai yi nisa da aikin ba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ganye. Ƙofar ɗakin mahauta ta yi wa keken kaɗan. Sauran mafaka ɗaya ce, rumfar kwano inda aka ɗaure ragunan gobe.

"Turo nan, Baba!" in ji Idrisa daga bakin rumfar. "Ga wuri!"

Muntaka ya dubi ragunan. Suna tuƙa, suna kallonsa da idanun nan nasu masu ruwan zuma.

"Ba a wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka. Kai ma ka sani."

"Na sani. To ruwa fa? Rago ne zai kai ƙararka wurin alƙali?"

"Shi ba zai kai ba."

Ya tura keken zuwa bayan katanga, inda ragunan ba sa hangowa. Nan ruwan ya same shi. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe igiyar, ya tsaya daga shi sai wando, ƙafa tana takawa, ruwa yana bin ƙasusuwan bayansa kamar yadda yake bin kwarin dutse. Tartsatsi ba ya ko tashi. Yana fitowa yake mutuwa. Fata kuwa in ta sha ruwa sai ta saki. Igiyar ta fara sulɓewa, ya tsaya ya ɗaure, ya taka, ta sake sulɓewa. A ɗauri na ƙarshe ta tsinke, ta faɗi cikin taɓo.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tsugunna, ya tsince ta, ya ciro ɗan dutsen hannu daga jaka, ya zaɓi doguwar wuƙar yanka, ya hau gogawa. Ita kaɗai ya iya gamawa kafin a kira sallar magariba.

Idrisa ne ya jawo shi ɗakin mahauta, ya zaunar da shi kusa da garwashi, ya miƙa masa shayi. Haƙoran tsohon suna haɗuwa. Mahaucin ya ɗauki wuƙar, ya ɗora a damtsensa, gashi ya zube ba tare da ya danna ba.

"Na aika da sauran wurin mai inji," ya ce. "Ba ni da yadda zan yi. Wuƙaƙen fiɗa da na sara, can za su riƙa zuwa."

"Allah ya sa albarka."

"Amma ta yanka ba za ta je ba. Tawa da ta sauran mahauta, duk kai za a kawo wa. Mai inji a bakin turken awaki ya kafa shagonsa, ko a jikinsa." Ya tura masa dunƙulen kitse a ganye. "Ungo, ka kai wa amaryar taka, igiyar nan."

"Amarya ta tsinke, Idi."

"To zauna ka bushe tukuna. Kana tari."

Muntaka ya kurɓi shayin sau ɗaya, ya ajiye. Ya naɗe guntayen igiyar a hannunsa marar gashi, ya matse rigarsa ya saɓa a kafaɗa.

"Baduku yana gab da rufewa," ya ce. "Gobe kuma salla, ba zai ɗinka ba."

Ya sunkuya ya fita, ana sauran yayyafi.