Dattijo mai gadin hula

A asibitin garinmu a Nebraska, duk jaririn da ya faɗo sai a saki ɗan kiɗan rarrashi ta lasifika. To, ga wani ƙaton dattijo kusa da ni a ɗakin jira, takalmansa duk taɓon gona, an ɗinka "Merle" a ƙirjin rigarsa. Kiɗan na tashi sai ya miƙe ya cire hula. Wata nas ta leƙo ta girgiza masa kai, ya koma ya zauna.

"'Yata ce a ciki," in ji shi, ban ko tambaya ba. "Jininta ya hau, tun jiya suka sa mata ruwan naƙuda. Shanu nawa na karɓi haihuwarsu, yau ga ni ina gadin hula!"

Yana dariya, amma hular tana shan matsa. Ina jin shi kaɗai ya raini 'yar, babu uwar.

Kiɗa ya sake tashi. Wannan karon bai motsa ba.

"Kaka, tashi mana, naka ne!" in ji nas.

"Ita fa?"

"Tana can tana masifa a kawo mata abinci."

Ya kifa hular a fuska. Can ya ce, "Halin uwarta ke nan."